Mai Madubi da Wutar Dodonsa

A shekarun da ake magana a kansu, layin masu sana'a bai cika kamar yadda yake yanzu ba. Shaguna ne a jere a gefe guda, da rufin kwano da ƙofofin katako masu ɓari biyu, kwata na bin gabansu, an ɗora mata falankin siminti a bakin kowace ƙofa. A ɗaya gefen akwai katangar wani tsohon gidan silima da aka mayar ma'ajiyar tayoyi, kuma har lokacin ana iya ganin alamar hotunan da aka taɓa liƙawa a jikinta. Famfo ɗaya ne a duk layin, a gindin falwaya. Shagon gilashi shi ne na ƙarshe, inda kwalta ta ƙare, kuma mutane sun saba rage sauri in sun zo daidai ƙofarsa saboda tsoron taka ɓaraguzai.

Mai shagon, wanda kowa ke kira Mai Madubi, ya gaji sana'ar ne daga kawunsa. Waɗanda suka san shi sun yi saɓani a kan abubuwa da dama game da shi, amma sun haɗu a kan abu ɗaya: bai taɓa yarda da awon wani ba. Ko mutum ya zo da awon tagarsa a rubuce, sai ya ɗauki tef ya bi shi gida ya auna da kansa, sau da yawa ya sake aunawa don kada tef ɗin ya yaudare shi. In an yi masa ƙorafi yakan ce gilashin da aka yanka ba ya komawa, kuma duk wanda ya ce ya auna daidai bai taɓa ganin taga ta ƙi karɓar gilashi ba. Wannan hali ya sa aikinsa ya yi suna. Shi ne kuma ya bi shi zuwa wuraren da ba a yankan gilashi.

Wasan da aka fi tunawa da shi ya shigo hannunsa ne ta hanyar wani kabad. Wani injiniya baƙo da ya gama aikinsa a ma'aikatar ruwa ya bar masa kabad ɗin kyauta, gilashinsa a fashe. A aljihun ƙasa ya tarar da wata 'yar jakar ƙyalle cike da 'ya'yan lido masu fuskoki da yawa, da wani littafi marar bango. Ya yi damina guda yana karanta shi tare da matarsa, wadda malamar firamare ce, shi da unguwa duka Malama suke ce mata. Littafin na bayanin wani wasa ne da ake yi a kan tebur: mutum ɗaya yana jan labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda ya faɗi abin da jaruminsa zai yi, sannan a jefa ɗan lido a ga ko ya dace. Babi mafi tsawo a ciki yana magana ne a kan wata halitta mai jikin maciji da fukafukan jemage, wadda ke kwanciya a kan dukiya a cikin kogo tana fitar da wuta daga baki. Mai Madubi ya sa mata suna dodo, ya ƙera ta da waya da guntayen gilashi masu launi, girmanta bai wuce tafin hannu ba.

Kamar yadda za a zata, bai yarda da awon littafin ba shi ma. Littafin ya ce dodo na hura wuta duk sanda ya so bayan ɗan hutu. Mai Madubi ya ce babu tanderun da ke ci ba a ƙara masa itace ba. Sai ya kafa tasa dokar: wutar dodo tana da iyaka. Kafin a fara wasa yakan zuba 'yan dunƙulen jan gilashi a cikin ɗan faranti, duk hurawa ɗaya ya cire ɗaya, in farantin ya ƙare dodo ba shi da wuta sai ya koma kogi ya sha ruwa ya kwana. Yawan dunƙulen yana canjawa kowane mako, kuma shi kaɗai ya san shi, domin farantin yana bayan wani shamaki na kwali da yake tsayarwa a gabansa. Dodon kuwa yana buɗe baki iri ɗaya ko da wuta ko babu. Duk daɗin wasan a nan yake. Jarumi zai ga baki a buɗe, ya rasa ko ya ruga ko ya tsaya.

Mutum uku ne suka riƙe teburin shekaru masu yawa, kowace Asabar da yamma, a ɗakin da ke bayan shagon. Akwai wani Akawu mai ritaya wanda jaruminsa mai magani ne, da Bakanike wanda ya zaɓi ɓarawo kuma bai taɓa jin kunyar hakan ba. Na ukun shi ne Tela, mai riƙe da jarumi mai mashi. Tela abokin Mai Madubi ne tun suna firamare, kuma wan Malama ne uwa ɗaya uba ɗaya. Tun ranar da aka yi auren Malama, Tela ya kafe sai Mai Madubi ya riƙa ce masa Yaya, duk da cewa sa'annin juna ne, Mai Madubi kuma ya riƙa faɗin kalmar da wata irin murya da ke nuna bai sallama ba.

Teburin yana da dokoki biyu. Ta farko, ba mai wucewa bayan shamaki sai Malama in ta kawo shayi, saboda ƙofar da ke haɗa ɗakin da cikin gida tana bayan kujerar maigidan. Ta biyu, ba a sauya wurin zama. Tela ne ke zaune yana fuskantar Mai Madubi kai tsaye, kuma shi kaɗai ya taɓa neman a karya wannan doka. Ya nema ba sau ɗaya ba.

"Ƙanena, ka mayar da ni wancan gefen mana. Iskar ƙofar nan tana dukan ƙeyata."

"Yaya, ƙeyarka ta ga iskar da ta fi wannan. Zauna inda kake."

A ran Mai Madubi, bayanin a fili yake: kujerar gefe ta fi kusa da bakin shamaki, mutum in ya miƙa wuya kaɗan zai iya leƙawa. Akwai kuma wata ɗabi'a ta Tela da ke ba shi haushi. Tela ba ya ganin nesa sai da tabarau, amma da zarar ya zauna a teburin sai ya cire shi ya ninke ya ajiye kusa da kofinsa, ya yi wasan yana ƙifta ido kamar mai jin barci. Mai Madubi ya ɗauki wannan a matsayin raini ga dodon da ya ɓata lokaci yana ƙerawa.

Asabar ɗin da abin ya faru, jaruman uku sun kai cikin kogo bayan watanni suna hawan dutse. Dodo ya hura wuta ya ƙone alkyabbar ɓarawo, ya sake hurawa ya kori mai magani bayan wani dutse. Daga nan farantin ya zama wayam. Mai Madubi ya tura dodon gaba a kan tebur, ya buɗe masa muƙamuƙin waya, ya kwaikwayi gurnaninsa da duk ƙarfin muryarsa. A daidai lokacin Malama ta shigo da tire ta bayansa, ta zagaya ta ajiye wa kowa kofinsa, da ta zo kan yayanta ta ɗan dafa kafaɗarsa kafin ta fita.

"Ni dai na gudu," in ji Bakanike. "Ɓarawo ba ya mutuwa a kan kayan da bai riga ya ɗauka ba."

Akawu ya ce mai magani zai ci gaba da laɓewa. Tela ya kurɓi shayinsa, ya ɗauki jaruminsa na dalma ya ajiye shi dab da bakin dodo.

"Na tafi kai tsaye. Mashi a cikin maƙogwaro."

 A duk shekarun nan Tela shi ne mai taka tsantsan, jaruminsa bai taɓa tsallaka rami ba sai ya tambayi faɗinsa. Mai Madubi ya dube shi, sai a lokacin ya lura tabarau na kan hancinsa. Tela ya miƙa hannu a ba shi ɗan lido ya jefa don a ga ko mashin ya shiga.

"Mun tashi," in ji Mai Madubi.

"Kamar yaya mun tashi? Ba ni ɗan lidon."

"Na ce mun tashi. Kaina ke ciwo."

Ya tattara 'ya'yan lido ya zuba a jaka, ya bar dodo da jarumin yadda suke. Asabar ta gaba bai buɗe ɗakin ba, haka wadda ta biyo bayanta.

Abin da ya biyo baya an fi jin sa ne daga bakin Malama, wadda ta ba da labarin ba tare da ƙari ba. Mijinta bai tuhume ta da baki ba. Ya dai fara auna ta. Yakan tambaye ta ko ta biya shagon yayanta a hanyar makaranta, bayan kwana biyu ya sake tambaya da wasu kalmomi don ya ji ko amsar za ta canja. Ya tambayi Akawu ko ya ga lokacin da ta dafa kafaɗar Tela, da wane hannu, ko ta taɓa yin haka a baya. Akawu ya ce ƙanwa ta dafa kafaɗar yayanta ba labari ba ne. Mai Madubi ya sa Akawun ma cikin waɗanda yake lura da su. A ganinsa lissafin ya fita: mutum ɗaya ne ya ga farantin babu komai, mutum ɗaya ne ya taɓa Tela, Tela kuma ya yi abin da bai taɓa yi ba. Abin da ya fi cin ransa shi ne tunanin cewa mutum biyu da suka fi kusa da shi sun haɗa kai a kansa a cikin ɗakinsa, suna kallonsa yana gurnani.

Tela ya aiko sau biyu yana tambayar ko ciwon kan ya sauka. Ba a ba shi amsa ba.

Wata rana da hantsi Malama ta gaji. Ta same shi a ɗakin baya, zaune a kujerarsa bayan shamaki yana kallon farantin, ta ja kujerar yayanta ta zauna tana fuskantarsa.

"Maigida, yau sai ka faɗa mini. Ni ce na sayar maka da dodo?"

"Ban ce ba."

"Ba ka ce ba, amma gishiri ma in na zuba a abinci sai ka dube ni kamar na ɓoye wani abu a ciki. Shekara nawa ina kawo muku shayin nan? Wallahi ko me ke cikin farantin ban taɓa..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta ɗaga ido sama da kansa, ta tsaya, sannan ta fashe da dariya.

"Ashe sanƙonka ya kai haka?"

"Wane sanƙo?"

"Ga shi can ina gani, har da tabon da ƙusa ta yi maka. Ga farantinka, ga hannunka a kai. Taso ka zauna nan."

Ya taso ya zauna a kujerar Tela, abin da bai taɓa yi ba tun da aka kafa teburin. A bangon da ke bayan kujerarsa, can sama kusa da rufi, akwai wani dogon madubi. Wani mai aski ne ya sa a yanka masa shi shekaru da suka wuce, shagonsa ya rufe kafin ya zo ɗauka. Mai Madubi ya rataye shi a nan da waya don kada ya tare hanya, kuma kamar kowane madubi da aka rataye da waya, samansa ya ɗan sunkuyo gaba. Ƙura ta lulluɓe shi, amma ta cikin ƙurar ana ganin bayan shamaki gaba ɗaya. Daga kujerun gefe ba a ganin komai sai rufi. Daga wannan kujera kaɗai ake gani. Mutumin da ya yi rayuwarsa a cikin madubai ya daɗe da daina ganinsu, a wurinsa kaya ne da ke jiran masu su.

"To, ka gani," in ji Malama. "Sauke shi, ka je ka ba Yaya haƙuri, ni ma ka ba ni nawa."

Nata ya ba ta a take, kuma ta ce da gaske ya bayar. Amma ta lura fuskarsa ba ta saki ba. Yana zaune yana kallon madubin, yana lissafi. In daga nan ana gani, to tun yaushe ake gani? Ya tuno duk ranar da jarumin Tela ya kauce wa wuta da ƙyar, duk ranar da ya ja da baya a kan lokaci. Taka tsantsan ɗin da aka san shi da shi, hali ne ko kuwa kallo ne? Malama ta tuna masa da tabarau da ake cirewa, da roƙon a sauya kujera. Ya ce mai wayo ma haka zai yi don a ce ba ya gani.

"Kada ka gwada shi," ta ce. "Na san ka. Yayana ba taga ba ne."

Bai sauke madubin ba. Ya hau tsani ya goge shi da jarida da ruwan sabulu har ya yi ƙal. Sannan ya aika wa mutanen uku cewa za a zauna ran Asabar, a ci gaba daga inda aka tsaya, amma da gyara ɗaya: dodo ya ja da baya cikin duhun kogo, za a sake fuskantarsa daga farko. Shirinsa mai sauƙi ne. Zai bar farantin babu komai a inda madubi zai nuna shi, dunƙulen wutar kuma suna cikin aljihun rigarsa. In Tela ya sake tafiya kai tsaye, ya gani ke nan, kuma jaruminsa zai ƙone.

Akawu da Bakanike sun riga zuwa. Tela ya shigo daga baya da fara'arsa, yana cewa ya zo duba majinyaci. Ya ja kujerarsa ya zauna, ya kai hannu zai cire tabarau kamar kullum, sai hannun ya tsaya. Ya ɗaga kai ya dubi bango. Hasken taga ya faɗa kan madubin yana dawowa tsakiyar tebur, abin da bai taɓa yi ba.

"Ka goge madubi," ya ce.

"Ƙura ta yi masa yawa."

"Shekara da shekaru ƙurar ba ta dame ka ba." Ya dubi farantin ta cikin madubin, a fili, ba tare da ya ɓoye ba, sannan ya dubi aljihun Mai Madubi da ya ɗan kumbura. "Ni na ɗinka rigar nan, ƙanena. Aljihunta ba haka yake zama ba."

Bakanike ya juya yana neman abin da ake magana a kai, bai ga komai ba sai rufi.

"Tun yaushe ka sani?" in ji Mai Madubi.

"Tun ranar da ka rataye shi. Sau nawa na ce ka sauya mini kujera?"

"Me ya hana ka faɗa mini dalili?"

"In na ce maka ana gani, abu na farko da za ka tambaya shi ne me na gani. Daga nan ba za ka ƙara yarda da jifana ko ɗaya ba. Sai na ga cire tabarau ya fi sauƙi."

"Ranar nan ba ka cire ba."

"Ban cire ba."

"To ka gani ko ba ka gani ba?"

 Akawu ya ce daga baya bai ga fushi a fuskar Tela ba, gajiya ya gani.

"In na ce ban gani ba, za ka yarda?"

Mai Madubi ya buɗe baki. Malama, wadda ke tsaye a bakin ƙofa da tire, ta ce ta ga yana ƙoƙari, ta ga kalmar ta zo har leɓensa. Amma mutum ne da ba ya faɗin awon da bai auna da hannunsa ba, wannan kuwa babu tef ɗin da zai auna shi. 

Tela ya miƙa hannu ya ɗauki jaruminsa daga gaban dodo, ya jefa shi a aljihu, ya ce wa ƙanwarsa ta sha shayin nasa kada ya lalace, ya fita.

Ba za a ce zumunci ya yanke ba. Sun ci gaba da gaisawa, Tela ya ci gaba da ɗinka wa gidan kaya, kuma da Mai Madubi ya kwanta rashin lafiyar da ya rasu a cikinta, Tela na cikin masu zama a gefen gadonsa. Sai dai daga ranar ya daina ce masa ƙanena, ya koma kiransa Mai Madubi kamar kowa, shi kuma ya riƙa cewa Yaya da murya ta ladabi, wadda Malama ta ce ta fi zagi zafi a kunnenta. Akawu da Bakanike sun yi ƙoƙarin a zauna su uku, maigidan ya ce labarin na mutum huɗu ne. An sauke madubin a mako na gaba, aka jingina shi da bango fuskarsa a juye.

An tambayi Tela, wanda yake da rai lokacin da ake tattara wannan bayani, ko ya ga farantin a waccan Asabar. Ya ce ya riga ya ba da damar a amsa wannan tambaya sau ɗaya, ga mutumin da ya cancanci jin amsar. Malama tana ganin bai gani ba, ta ce a makon ne aka sauya masa tabarau, sabon bai dame shi a hanci ba shi ya sa ya manta da shi. Akawu yana ganin ya gani, sau ɗaya tak, kuma duk wanda ya yi shekaru yana kawar da ido yana da uzuri. Babu wata shaida da ta fi ƙarfin wata a cikin biyun.

Ɗakin baya yana nan, yanzu ma'ajiyar firam ɗin hotuna ce ta wanda ya karɓi shagon. Dodon yana wurin Malama a cikin kabad ɗin injiniyan, bakinsa a buɗe, jarumin mai mashi kuma yana aljihun keken ɗinkin Tela tare da maɓallai. Mai askin bai dawo ɗaukar madubinsa ba. Ba a san ko Tela ya ga farantin ba, kuma jifan da zai nuna ko mashin ya shiga maƙogwaron dodo ba a yi shi ba har yau.